Awon Rigar Toshpulat

Yadi uku Oyniso ta baje a kan darduma da hantsin nan: baƙin karammiski, da shuɗi mai ratsi, da wani ruwan ƙasa mai kauri. An gama tsinkar auduga, kan duwatsu ya fara fari da ƙanƙara, lokacin ɗinkin rigar sanyi ya yi, irin doguwar nan da ake cusa wa auduga.

Shekara arba'in da ɗaya tana ɗinka wa mijinta Toshpulat, bai taɓa kallon yadi ba. Ko buhu ta ɗinka masa, sawa zai yi ya tafi gona. Yau kuwa sai ga shi ya ajiye shayinsa, ya durƙusa yana murza karammiskin. Ya ce shi yake so, da shafin siliki, kuma ta ƙara taƙi biyu a tsawo, ta buɗa kafaɗa, ta ja hannu.

Dariya ta kama ta. Mutumin da sai ya taka kujera yake tsinko inabi!

"Baban Dilbar, iyo za ka yi a ciki? Wannan ai awon Mirzokarim ne."

Bakinta ya faɗa, sannan kunnenta ya ji. Mirzokarim dogon nan, aminin mijinta tun suna yara. A unguwarsu kuwa, mutum shi ke zaɓen wanda zai yi masa wankan ƙarshe, kuma sabuwar rigar da aka lulluɓa wa makara, mai wankan ne ke tafiya da ita gida.

Almakashin da ke hannunta ya suɓuce mata. Ta zauna daɓas a kan shuɗin yadin. Makon jiya Toshpulat ya je asibiti a birnin Margilan saboda tari, ya dawo da kankana a hammata, ya ce mura ce kawai. Har faɗa ta yi masa don bai ɗaura kallabin wuya ba.

"Me likita ya ce?"

Ya kalli taga. Ya gyara hula. "Ya ce zan ga farkon sanyi. Ƙarshensa bai yi alkawari ba."

 Ta tambaye shi wa ya sani. Ya ce Mirzokarim kaɗai, tare suka je. Wato har sun zauna su biyu sun shirya komai, ita tana nan tana tafasa masa madara da man shanu, tana cewa gobe zai warke.

Ya shiga yi mata bayani a hankali, kamar mai lissafin iri. Ba ya son a ce gidan Toshpulat sun ba mutum rigar da ta tsaya masa a gwiwa. Mutanen unguwa ba sa manta irin wannan, kuma ita za a bari da kunyar.

 Ta daɗe tana kallon karammiskin, baƙi ƙirin, yana sheƙi a hasken taga. Can ta miƙe dafe da bango, ta ce ya tashi ya buɗe hannuwa.

"Uwar yara, na faɗa miki awon."

"Matar Mirzokarim tana da allura, ta ɗinka masa tasa. Tsaya sosai, tsoho, kada ka lanƙwashe mini."

Ya tsaya. Ta fara daga wuya zuwa sha-raɓa, tana aunawa da taƙi, sai da ta sake ƙirgawa sau biyu. Hannu bai canja ba, tsawo ma haka. Da ta zagayo ƙirji, inda shekara da shekaru take samun taƙi shida, sai yatsunta suka haɗu a na biyar.

Ya tambaye ta nawa ta samu.

Ta durƙusa kan yadin, ta ɗauki alli, ta zana shida.