Zane Goma Sha Biyu

"Zane goma sha biyu a cikin wannan ɗan kwalin?" Matar da ke taga ta uku a ofishin fitar da kaya ta sauke tabarau kan hanci, ta dubi takardar, ta ɗaga kwalin da yatsu biyu. "Hajiya, wane irin yadi ne ba nauyi haka? Leshi ko atamfa?"

Mai kwalin, Fensir ake ce mata. Yayanta ne ya laƙa mata wannan suna tun tana firamare, ya bi ta har gidan miji. Sana'arta zana hotunan littattafan yara, kuma abin da ke cikin kwalin aikin wata takwas ne: labarin wata kaza da ta buɗe shagon aski. Masu buga littafin suna ƙetaren iyaka, ranar Litinin za su buɗe baje koli, sun ware mata bango guda. Na asali suke so, ba hoton waya ba. Motar kaya za ta tashi ƙarfe huɗu, ba wata sai mako mai zuwa, kuma sun gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa bango ba ya zama fayau, wani za a ba.

"Ba na ɗaurawa ba ne, Anti. Na fensir da fenti ne." Ta buɗe kwalin a hankali, ta ɗaga farar takardar da ta rufe na sama. Ga kaza riƙe da almakashi, ga ɗan akuya a kujera an ɗaura masa ƙyalle a wuya.

"Au, zaane! Ai sai ki ce zaane."

"Shi na rubuta."

"A'a, zane kika rubuta. Ga shi nan."

A baki kowa ya san bambancinsu, ɗaya a ja shi, ɗaya a datse. A takarda kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Fensir ta tuna akwai ma na uku, wanda ake yi da bulala, ta ji shi ya fi dacewa da kwamfutar ofishin da ta jefa kazarta cikin rukunin tufafi.

Matar ta yi dariya har da share ƙwalla, ta kira maƙwabciyarta ta taga ta huɗu ta ga ɗan akuyan. Sai da suka gama sannan ta ce gyaran ba a hannunta yake ba. In tufafi ne, sai an kawo izinin ofishin masaƙu. In hoto ne, sai a hau bene wajen mai tantancewa, ya buga hatimi cewa ba kayan tarihi ake shirin sulalewa da su ba.

"Kayan tarihi? Shekaranjiya fentin ya bushe!"

"Ki gaya masa haka. Amma ki tafi da haƙurinki, ba ya son a nuna ana sauri."

Ƙarfe ɗaya da rabi ta zauna a bencin ofishinsa. Yana nan, ba ko'ina ya je ba, wannan ne ma abin haushin. Mutum ne mai tumbi, da tabarau mai igiya, da alƙaluma jere a aljihun gaba kamar sojoji. Ya fito da hatimansa daga aljihun tebur, ya goge kowanne da hankici, ya jera su daga babba zuwa ƙarami. Ya haɗa shayi. Ya jira ya huce. Ya ga ya huce da yawa, ya sake ɗora ruwa.

Fensir tana da wata cuta da mijinta ya gaji da yi mata magana a kai: in ranta ya ɓaci, hannunta ba ya zama. Ta zana likita a katin asibiti, ta zana surukarta a bayan ambulan ɗin wasiƙa, Allah ya rufa asiri ba a gani ba. Yau ma ba ta san lokacin da ta zaro fensir daga cikin ɗankwali ba. Ta juya takardar kayan da ke kan cinyarta, hannu ya shiga aikinsa, ita kuma idonta na kan agogon bango.

Uku da kwata ya ce, "Mai zane."

Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, fuska ba yabo ba fallasa. "Mece ce shaidar cewa ke kika yi su?"

"Ranka ya daɗe, ga sa hannuna a ƙasan kowanne."

"Sa hannu ai ko ni zan iya sawa. Ina wasiƙar ƙungiyar masu zane? Ko shaidu biyu da suka gan ki kina yi?"

"Daga ni sai fitila nake aiki, Yallaɓai. Mota ƙarfe huɗu za ta tashi." Wata takwas, da ciwon wuya, da 'yan uwa masu tambaya yaushe za ta nemi aiki na gaske, duk za su ƙare a kan teburin nan kusa da kofin shayi.

"Ni doka nake bi," ya ce. "Kawo takardar in rubuta dalilin ƙi. A baya ake rubutawa."

Sai da ta miƙa sannan ta tuna.

Ya juya takardar. Hawainiya ce a kan reshe, ƙafa ɗaya a sama ba ta yanke shawarar sauka ba. Tana da tabarau mai igiya, da tumbi, da alƙaluma uku a aljihu. Ido ɗaya na kallon kofin shayi, ɗayan na kallon hatimi.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya dubi tumbin hawainiya, ya saci kallon nasa.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Ɗazu, ranka ya daɗe. A kan benci. Don Allah ka yi haƙuri, hannun ne..."

"A gabana ke nan."

"A gabanka."

Ya jawo hoton kaza ya ajiye kusa da hawainiya, ya daɗe yana gwada idon wannan da na waccan. "Hannu ɗaya ne," ya ce a ƙarshe. "Ofis ya shaida." Ya zaɓi hatimi mafi girma, ya hura masa iska, ya buga. Sannan ya tsaya da hannu a sama, kamar dai hawainiyar kan reshen. "Takardar nan tare da kaya take tafiya?"

"Haka suka ce a ƙasa."

"To lissafinki ba daidai ba ne." Ya soke sha biyu, ya rubuta sha uku, ya sa hannu a gefe. Agogo ya nuna huɗu saura ashirin. Fensir ta rungumi kwalinta ta kai hannu ga takardar, amma ya danne ta da yatsa.

"A can ɗin, bango suke rataye su?"

"Eh, Yallaɓai."

"Mutane su zo su gani?"

"In Allah ya so."

Ya yi gyaran murya, ya turo mata takardar. "Tumbin ki bar shi, gaskiya ce. Amma alƙaluma huɗu ne a aljihuna, ba uku ba. A nan ba ma fitar da takarda da kuskure."

Ta zaro fensir daga ɗankwali, ta ƙara na huɗun.