Ƙofar Kaka

Shekarar da aka yi yayin fenti ruwan toka, gidajen layinmu duk suka koma kamanni ɗaya. Mu ma muka bi yayi, ba wanda ya tuna cewa idon Kaka ya yi rauni.

Wata rana da ta dawo daga asibiti, sai ta faɗa gidan maƙwabcinmu tela, ta zauna a falonsa tana faɗan wa ya canza mata kujeru. Da ta gane, kunya ta rufe ta, ta daina fita ita kaɗai.

Ranar Asabar sai ga tela da gwangwanayen fenti da burushi.

"Kaka, wane launi kike gani sosai?" ya tambaye ta.

"Ruwan ɗorawa, ɗan nan. Ko daga nesa."

Ya naɗe hannun riga ya shafe ƙofarmu tas, har gemunsa ya samu rabo. Yayata ta ce launin ya yi ƙauyanci.

"Ƙauyancin nake so," in ji Kaka. Ta kama hannun tela, da fenti da komai, tana sa masa albarka. Washegari ta ɗauki sandarta ta tafi gaida ƙawarta.