Wuyan Rigar

Ranar Alhamis ce, birnin Ipoh ya tashi da ruwan sama mai naci. Kah Hoe ya sauko daga bas a ƙofar asibiti da nannaɗaɗɗiyar takarda a cikin rigarsa, yana kare ta da hannu biyu.

Da azahar za a shiga da ƙanwarsa Siew Peng aikin zuciya. Tun tana ƙarama take mutuwar son wata jaruma mai takobi ta fim ɗin katun, amma kullum tana mitar kayan da aka sa mata: hannun riga na wata daula, ɗamara ta wata, takalmi kuwa na kanti. Shi ne ya yi mata alkawarin zai zana jarumar cikin kayan gaskiya na zamanin Song, tsohuwar daular kakanninsu. Shi da ya gudu daga makaranta saboda karatu, sai ga shi yana ƙura wa hotunan tsofaffin zane ido a shagon ɗab'in da yake aiki. A zanen, ya matse hannun rigar, ya tattare siket ɗin, ya rage adon gashi. Fuskar kuwa ta Siew Peng ya sa.

Da safen nan, kafin ya buga zanen a takarda, ya tuna tagar ɗakinta tana dama da gado. Sai ya juya hoton a kwamfuta don jarumar ta fuskanci haske.

A baranda ya tarar da mahaifiyarsu zaune a benci, riƙe da kofin shayi da ya huce.

"Sai yanzu, Kah Hoe? Tun ɗazu take tambayarka. Mu gani, sarkin zane."

Ya warware takardar yana murmushi. Ta duba fuskar, ta ɗan yi dariya. Idonta ya sauka kan wuyan rigar, dariyar ta ɗauke.

"Wane gefe ne a sama?"

Ya duba. Gefen hagu ya rufa kan na dama, haka ya zana, haka masu rai ke sawa. Amma da ya juya hoton, dama ta hau kan hagu. Haka aka rufa wa mahaifinsu riga ranar da aka sa shi a akwatin gawa.

"Mama, hoto ne kawai. Juya shi na yi."

"Da fuskarta. Yau." Muryarta ta yi ƙasa. "Wannan ba zai shiga ɗakin nan ba."

"Asalin zanen yana shago. Kafin in je in dawo an shiga da ita."

"To a shiga da ita."

"Sai in ƙone shi, shi ke nan."

Ta damƙe masa hannu. "Kanka ɗaya? Wa ake aika wa kaya da wuta in ba matattu ba?"

Ya dubi takardar. Ba a ƙonawa, ba zai iya yaga fuskar ba, kwandon shara kuwa bai ko kalle shi ba. Shi bai yarda takarda na kiran mutuwa ba. Amma hannun tsohuwar na kan nasa, kuma ita ce za ta zauna a wannan benci har a fito.

Ya sauka ƙasa, ya fita filin ajiye motoci, ya buɗe takardar a cikin ruwan. Tawadar ta fara zuba. Koren rigar ya gangara kan siket, wuyan ya narke, fuskar ce ta tafi a ƙarshe.

Da ya shiga ɗakin, nas biyu na gyara gadon da za a tura ta a kai. Siew Peng ta dubi hannunsa, ta dubi jiƙaƙƙiyar rigarsa.

"Yaya, ina jarumata?"

"Ban gama ba. Idan kin fito."

"Na sani ai," ta ce, tana murmushin da bai kai ido ba. "Kai da gama abu? Ko makaranta sai da ta gaji da jiranka."

"Bakinki dai lafiyarsa ƙalau. Shi ya kamata su ɗinke."

Ta yi dariya, aka tura ta. Ba ta waiwayo ba.

Ya zauna kusa da mahaifiyarsa, ruwa na ɗiga daga gashinsa. Abin da ya rasa a ranar: takarda ɗaya, farar riga ɗaya da tawada ta ɓata, da alkawari ɗaya, wanda a duk alkawuransa shi kaɗai ya taɓa cikawa.