Katin Da Ya Gajarta Asabar

A ofishin da yake aiki kowa Injiniya yake ce masa, alhali shi ba injiniya ba ne. Mai zanen taswirar gini ne. Injiniyoyi su gama lissafinsu, shi kuma ya zauna ya ja layi, nan ƙofa, nan taga, nan matakala. Shekara ashirin da huɗu yana wannan aiki, ya fara da fensir da rula, ya ƙare da kwamfuta. Tun da suka rabu da matarsa yake zaune shi kaɗai a hawa na uku na wani tsohon bene, ɗaki da falo da ɗan kicin wanda in aka buɗe firji sai ƙofa ta ƙi rufuwa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, tana wajen uwarta a can ɗaya gefen gari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa yake kiranta Uwata. Tana ƙarama ana kawo masa ita duk ƙarshen wata. Da ta girma zuwan ya koma sai lokacin hutu, daga baya ya koma gaisuwa a waya. Sai da ta kai shekarar ƙarshe a kwaleji, inda take koyon haɗa zane mai motsi irin na katun, sannan wata Asabar da hantsi ya ji ana ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Baba, kwamfutarka ta gida tana nan da rai?"

"Tana dai numfashi. Shigo mana, kin tsaya kamar mai karanta mita."

Ta ce tata ta hannu ta gaza. Aikin gama makaranta take yi, ɗan gajeren fim a kan wata akuya da ta shiga lif ta rasa hawan da za ta sauka. Ita ta gina komai, akuyar da lif ɗin da fitilar sama, amma sai kwamfuta ta zauna ta lissafa haske da inuwar kowane hoto ɗaya bayan ɗaya kafin ya zama fim. Wannan shi suke kira renda. Injiniya ya saurara ya ce, "Wato dahuwa." Daga ranar sunan ya bi aikin.

Tsohuwar kwamfutarsa takan ɗauki awa huɗu, wani lokaci biyar, kafin ta dafa abin da bai kai minti ɗaya ba. In an ɗora, ba a taɓa ta. Don haka sai su zauna su jira. Ya fere dankali ya soya da ƙwai, ta gyara masa wayarsa da ta cika da saƙonnin talla. Ta ba shi labarin malaminsu da ke barci a tsaye yana riƙe da alli. Ta yi wa labulensa dariya, ta ce tun tana firamare take ganinsa. Ranar nan ya leƙa allon ya ga matakalar da ta zana a gefen lif, ya kasa yin shiru.

"Uwata, wannan matakalar in mutum ya hau ta sai gwiwarsa ta daki haɓarsa."

"Katun ne fa, Baba."

"Ko a katun akwai tsofaffi."

Ta gyara, tana gunaguni tana dariya. Haka aka yi Asabar bakwai. Ya fara sayen dankalin tun ranar Alhamis. A ofis har mai shara ta ce kwanan nan Injiniya yana amsa gaisuwa da baki, ba da ka ba.

Abu ɗaya ne ke damunsa, yadda take yawan duba agogo tana tsaki. Rannan ta ce, da da katin girafik mai ƙarfi, da tuni an gama. Ya tambaye ta mene ne shi. Ta nuna masa a waya: wani baƙin abu mai fanka uku a jere, wanda ake cusawa a cikin kwamfuta ya ɗauke mata nauyin zana hoto. Ta ce masu wasan kwamfuta da masu irin aikinta duk shi suke mafarki.

"Ba na irinmu ba ne. Kallo kawai nake yi, kamar yadda kake kallon gidajen da kake zanawa."

Maganar ta zauna masa. Ran Litinin ya kai babur ɗinsa wajen dillali. Ran Laraba da aka tashi aiki ya rungumi tsohuwar kwamfutar ya shiga bas zuwa layin masu kayan lantarki. Mai shagon da aka kwatanta masa mace ce, tabarau ɗinta a ɗaure da zare, tana cin tuffa da wuƙa.

"Wasa za a yi da shi ko aiki?"

"'Yata ce. Aiki."

Ta buɗe kwamfutar ta leƙa, ta ɗauko katin ta gwada a bakin akwatin. Ya fi shi tsawo da kusan taƙi guda.

"Malam, ka sayi giwa, ɗakinka na kaza ne. Sai an sake akwati, a sake abin ba da wuta, in ba haka ba kana kunnawa za ta ɗauke."

Ya ce a sake. Ya zauna a kan benci har ta gama haɗawa. Ta nuna masa wata igiya mai kauri da ke shiga gefen katin, ta danna ta har ta yi ƙas, ta ce wannan ce abincinsa, kada a bari ta yi sako-sako. Ya koma gida da sabon akwati mai gefen gilashi a kan cinyarsa, yana kāre shi da hannu duk sanda bas ta faɗa rami.

Ran Asabar ta shigo ta ga abin a kan tebur. Ta ajiye jaka, ta durƙusa ta kusa manna hancinta da gilashin. Ta daɗe a haka.

"Baba, ban ga babur a ƙasa ba."

"Likita ya ce in riƙa taka ƙasa."

"Wane likitan?"

"Ɗora dahuwarki, ki bar ni da likitana."

Ta kama hannunsa da hannu biyu ta riƙe, idonta ya kawo ruwa. Ya zare hannun ya shige kicin, don bai san inda zai sa fuskarsa ba. Ya fere dankali uku, ya ɗora mai. Man bai ko yi zafi ba ya ji muryarta daga falo.

"Ya dahu."

"Me ya dahu?"

"Duka. Minti goma sha biyu."

Ranar ta zauna har la'asar, ta ci ta ƙara, ta kira ƙawayenta tana nuna musu katin ta waya. Shi ma ya ji daɗi har cikin ransa. Bai hango komai ba tukuna.

Asabar ta gaba ta zo da abin sauraron waƙa na sawa a kunne. Tunda babu jira, babu dalilin tashi daga gaban allo. Ta gyara, ta ɗora, ta duba, ta sake gyarawa, bayanta kawai yake gani. Ya kai mata faranti ta ce na gode ba ta juyo ba. Kafin azahar ta gama aikin da a dā yake cin yini, ta ce 'yan ajinsu suna jiranta. Wadda ta biyo baya awa ɗaya ta yi. A ta uku ta zauna ta yi 'yan danne-danne, ta ce ta haɗa kwamfutar da tata ta hannu, yanzu daga gida ma za ta iya turo aiki ta karɓi abinta.

"Ka ga na hutar da kai. Kai dai ka bar ta a kunne."

Ya ce to.

Daga nan sai ya zama ta fanka yake sanin labarinta. Yana zaune a falo da yamma, ba kowa, sai ya ji fankokin nan uku sun tashi, suna hura iska mai ɗumi a ƙafarsa. Ya san a can ɗaya gefen gari ta danna wani abu. Yakan jawo kujera ya zauna kusa da kofin shayinsa, yana kallon wani layi a allo yana cika a hankali. In ya cika, fankokin su lafa, falon ya koma yadda yake. Sau biyu ya ɗauki waya zai ce mata ya ga an gama, ya fasa, don ita ma ta gani. Dankalin da ya saya ya yi tsiro a kwando.

Wata biyu bai sa ta a ido ba. Wata Asabar da safe ya tashi ya share falo, ya goge tebur, ya tsaya a gaban akwatin. Ya kashe kwamfutar, ya kwance gilashin, ya danna ɗan maƙallin igiyar nan mai kauri ya zare ta. Ya mayar da gilashin ya kunna. Allon ya tsaya baƙi. Ya je ya yi wanka ya sa riga mai kyau.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta kira. "Baba, kwamfutar ba ta amsawa. An ɗauke wuta ne?"

"Akwai wuta. Ban san abin da ya same ta ba."

Bas biyu ta hau. Ta iso tana haki, gumi ya jiƙa mata gefen ɗankwali, ko gaisuwar kirki ba su yi ba. Jibi Litinin za ta miƙa aikin, saura kashi uku ba a dafa ba. Ta kwance gilashin. Ya ga ta tsaya. Ta ɗago igiyar, ta dubi maƙallin, ta dube shi.

"Wannan ba ta fita da kanta."

Ya yi niyyar ya ce ko wajen shara ne. Da ya ga yadda leɓenta ya bushe, ya kasa.

"Ni na cire."

"Saboda me?"

Ya dubi faranti biyu da ya riga ya jera a kan tebur. Ita ma ta bi idonsa ta gani.

"Baba, tun daga gida nake kuka a bas. Na ɗauka katin ya ƙone, na ɗauka shekarata ta tafi. Da ka ce in zo, ai da na zo."

"In ce ki zo ki yi me? Ba ki da abin jira a nan."

Ta mayar da igiyar, ta ɗora aikin, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Shi yana tsaye a bakin kicin kamar baƙo. Da aka gama kashi na farko ta ce, ba ta dube shi ba, "Akwai ƙwai?" Ya soya. Suka ci ba hira. Da za ta tafi ya ce ta yafe masa, ta ce ya wuce, amma kada ya sake.

Bayan ta miƙa aikin ta zo Asabar biyu a jere, ba jaka ba komai, don shi kawai. Suka zauna suna fuskantar juna. Ya tambayi makaranta, ta ce lafiya. Ta tambayi ofis, ya ce lafiya. Hirar da a dā take zuwa da kanta suna jiran kwamfuta, yanzu da aka zauna domin ta sai ta ƙi fitowa. Ta riƙa juya waya a hannu, shi yana ta ƙara mata shayin da ba ta sha ba. Dukansu sun yi ƙoƙari, dukansu kuma sun san ƙoƙari suke yi.

Fim ɗin ya yi kyau, har wani kamfanin talla a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, ya ɗauke ta aiki. Ta ce za ta bar kwamfutar a wajensa ta riƙa turo aiki. Ya ce a'a, kayan aiki yana bin mai aiki ne. Ya koma wajen mai shagon ta koya masa yadda ake shirya ta don tafiya: a cire katin a naɗe shi daban, don nauyinsa kan karya mazauninsa in mota na girgiza. Ya naɗe shi a tawul ɗinsa sabo, ya zuba sukurori a 'yar leda, ya raka ta tasha.

Kwana uku da tafiyarta, yana dawowa daga aiki yana hawan matakala, waya ta yi ƙara.

"Baba, ina ka sa sukurorin?"

"Aljihun gefe, na hagu. A cikin safa."

"Na gani. Kada ka kashe, ka tsaya a layi, ko zan maƙale."

Ya san ba abin da zai iya gaya mata wanda ba ta fi shi sani ba. Ya zauna a kan matakala tsakanin hawa na biyu da na uku, jakarsa a gefe, waya a kunne. Yana jin ƙarar sukundireba, da motoci suna wucewa a wani titi da bai taɓa gani ba, da ita tana magana da kanta ƙasa-ƙasa. Wata maƙwabciya ta zo wucewa da kaya, ya matsa mata ba tare da ya sauke wayar ba.

Can ta ce, "Ta tashi. Bari in je, ana rufe shagon ƙasa ban sayi burodi ba."

"To, Uwata. Ki kula da kanki."

Ya ɗan ƙara zama bayan ta kashe. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya laluba makulli a aljihu, ya ƙarasa hawa.