Leda ta Huɗu

Shekara ashirin da shida Shugaba ya yi yana yanka a mayankar kasuwa, ba wanda ya taɓa ganin allura ta shiga jikinsa. Mutumin da yake kayar da bijimi ya ɗora masa gwiwa a wuya, ya taka jini har idon sawu yana raha, shi ne in aka ambaci allura sai ya tuna ya bar shago a buɗe. Mahauta sun naɗa shi shugabansu ne saboda kaurin muryarsa. Sirrin tsoron allurar nan kuwa matarsa kaɗai ta san shi.

Matar ce yanzu kwance a asibiti. Likita ya ga ƙari a mararta, ya sa ranar Alhamis za a yi mata aiki. Nas ɗin ɗakin jini, wata gajeriyar mace mai gilashi a kan hanci, ta buɗe masa firij ya gani da idonsa: ledar jini shida ce kacal a ciki, ga asibiti guda!

"Matarka na buƙatar huɗu," in ji ta. "Mutane sun daina zuwa bayarwa, ni kuwa ba zan fitar ba sai an cike min gurbi, don bayanta akwai masu haihuwa. Ka kawo min mutum huɗu ranar Laraba kafin azahar, in ba haka ba a ɗaga aikin."

"Huɗu kawai? Haba Sista, ai mayanka guda ce a hannuna."

A zuci kuwa ya gama tsara abinsa: zai kawo mutum shida, shi ya tsaya a bakin ƙofa yana sa musu albarka.

Ranar Talata ya hau kututturen sarar ƙashi ya buɗe murya. "Jama'a, kullum jini muke korawa kwata da bokiti, yau ga asibiti na neman leda huɗu an rasa! Ba ku ji kunya ba?" Wallahi ya yi magana, har Tsoho mai gyaran kai da ƙafa ya share hawaye da gefen riga. Nan take mutum shida suka ɗaga hannu, don ba wanda bai taɓa cin girkin matar nan ba.

Dogo mai fiɗa ne ya yi tambaya: "Shugaba, akwai wani shiri da ake yi kafin a je?"

Shugaba bai tambayi nas ba, kuma tun da aka haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba" a gaban jama'a ba. Sai ya ɗaure fuska. "Kamar ba mahauta ba! Dabbar da za a fitar wa jini gobe, me muke ba ta tun yamma?"

"Ruwa!" suka amsa baki ɗaya.

"To ruwa. Daga la'asar kada wanda ya sa komai a bakinsa."

Kowa ya gyaɗa kai, don magana ce ta hankali, a kanta suka tashi.

Laraba da hantsi ga ƙarti shida a kan bencin ɗakin jini, ciki na ƙugi, ido ya faɗa. Ƙato mai sarar ƙashi aka fara kira. Nas ta ɗan soki yatsarsa don gwaji, sai ya yi mata wani irin murmushi, ya sulale ƙasa kamar buhun da aka kwance. Mutum uku suka taru kafin aka jingina shi da bango.

"Yaushe rabonsa da abinci?"

"Jiya da la'asar," in ji Dogo da alfahari. "Dukanmu. Ruwa kawai."

Nas ta cire gilashi. "Wane mai hankalin ne ya ce ku yi haka?"

Yatsu biyar suka nuna bakin ƙofa. Ƙato ma daga ƙasa ya ɗaga nasa.

"Malam, mutane na ce ka kawo min ko raguna? Yanka su zan yi?" Ta kora su wajen mai shayin bakin asibiti, suka share masa burodin yini guda. Da suka dawo ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙato dai ya fita daga layi. Tsoho hawan jini gare shi. Mai sayar da hanta jiya-jiya ya gama shan maganin zazzaɓi. Dogo da sauran biyun suka bayar. Leda uku, agogon bango kuma ya nuna sha biyu da rabi.

"Saura ɗaya," in ji nas. Ta dubi Shugaba sama da ƙasa. "Kai ma tun la'asar ɗin ne?"

Ya buɗe baki zai yi ƙarya, Dogo ya riga shi. "Wa? Shi? Da sassafe na gan shi a teburin mai shayi, ƙwai huɗu aka soya masa. Na zaci idona ne saboda yunwa."

Idanu duka suka koma kansa. Tsoro ya kama Shugaba, tsoro na gaske. Ya dubi ƙofa. A can ƙarshen baranda ana hango ɗakin mata, gado na uku, inda aka rataye mayafinta mai ruwan toka. Wata biyu ke nan matar nan ba ta iya miƙewa tsaye ba tare da ta dafa bango ba.

Ya naɗe hannun riga ya kwanta. "Dogo," ya ce da wata 'yar siririyar murya da ba su taɓa ji ba, "zo ka danne ni yadda muke yi."

Dogo ya ɗora masa gwiwa a kafaɗa, biyu suka riƙe ƙafafu, Tsoho ya rufe masa ido da tafin hannu. Ihun da ya yi sai da masu jiran magani suka leƙo. Da aka gama ya buɗe ido ɗaya, ya ga nas ta ɗauki 'yar ledar da hannu biyu, a hankali, ta nufi firij da ita.

Ranar Alhamis da yamma matar ta farfaɗo. Abin da ta fara gani filasta ce a hannunsa.

"Baban yara, kai?"

"Ni."

"Ka yi kuka?"

"Kaɗan." Ya sosa ƙeya. "Amma ba nawa aka sa miki ba, bai dace da naki ba. Na wasu bayin Allah ne, ko sunansu ban sani ba."

"Naka fa?"

"Sista ta ce ɗazu aka sa wa wata mai haihuwa. Ta tashi, har tana ba jaririn nono."

Ta ɗora yatsa a kan filastar, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Shi kuwa ya kau da kai yana gyaran murya.

"Wai bayan wata uku ana iya sake bayarwa," ya ce. "Na ce ta rubuta sunana. Amma sai ranar da Dogo yake nan."