Katangar Garkar Turai

Garkar Turai tana bayan ɗakinta, a wani ƙauye gabas da Tudun Wada, kuma ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba. Amma duk unguwar an san kuɓewarta, wata doguwa mai jan kai wadda ba ta saurin tsufa. Irin na uwarta ne, da shi aka kawo ta daga Kiru tana amarya, shekara arba'in ke nan tana adana shi cikin toka a ɗan gora. Bara awakin maƙwabta suka keta darni suka cinye garkar, da ƙyar ta tsira da irin da bai cika tafin hannu ba. Shi ta shuka bana gaba ɗaya bayan ruwan fari, ba ta rage ko ƙwaya ba.

Kuɓewa ta yi ganye huɗu lokacin da ɗanta Mainasara ya dawo daga haƙar kuza a Riruwai, a daminar 1954. Ya dubi darnin da gara ta cinye, ya ce, "Inna, kin gama korar awaki. Katanga zan yi miki."

Turai ta ci gaba da tsince wakenta. Ba fushi ba ne. Mainasara ɗan fari ne, tun yana wata bakwai kakarsa ta ɗauke shi. Turai ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In tana da magana, matarsa Luba take faɗa wa, ita kuwa Luba tana garin Ƙofa wajen iyayenta, wankan jego.

Sama ta ɗauke kwana ashirin. Mainasara ya yi ta jido jar ƙasa daga kududdufi, ya kwaɓa, ya mulmula tubali, ya shanya. Ƙarfi kam akwai, gini ne bai taɓa yi ba. Ran da ya aza layin farko, Turai ta leƙa. Duk ruwan tsakar gidan ta garkar yake bi, ya fita ta kusurwar kudu inda ƙasa ta yi kwari. Darni bai taɓa tare shi ba. Ga shi yaro ya ja tubali ya rufe kusurwar ruf, bai bar rariya ba.

Ta yafa zane ta tafi wajen Dikko, ƙanin marigayi mijinta, yana tufkar igiya a gindin ɗorawa.

"Matata ta kaina, yau kin tuna da ni? Ko tuwo aka kawo?"

"Tuwon me, tsohon banza, da wane haƙorin? Ka je ka gaya wa mijin Luba ya bar wa ruwa hanya."

"Ke bakinki ciwo yake?"

"Dikko."

"To, na ji, na ji."

Dikko ya je da la'asar, amma shi mutum ne da ba ya iya magana ba wasa. Ya ce, "Ɗana, masaukin agwagi kake ginawa? Ina rariya?" Mainasara ya yi dariya, ya ce, "Baffa, ta rariya 'yan awaki ke shiga. Ƙasar nan rairayi ce, za ta shanye." Daga nan hira ta koma kan farashin gyaɗa. Turai tana jin su ta bayan ɗaki, tana murza gefen zanenta.

Ta yi tunanin cire shukar, amma kuɓewa ba ta son dashe, waje kuma awaki ne. Wata safiya da ya tafi gona, ta ɗauki muciya ta durƙusa a kusurwar, ta yi ta sakatar ɗanyen gini har ta ga haske ta ɗaya gefen. Gwiwoyinta suka yi kwana biyu suna ciwo. Da ya dawo ya ga ramin, ya ce, "Kai, gafiyar gidan nan ba ta da kunya." Ya samo dutse ya cusa, ya yaɓe da ƙasa mai kauri. Tana tsaye da ƙwarya a hannu, taku biyar tsakaninsu. Maganar ta zo har bakinta, ta ji kamar an ce ta tuɓe a kasuwa. Ta juya ta shiga ɗaki.

Ran wata Laraba bayan azahar hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Doguwa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Turai ta tsaya a ƙofar garka tana kallon ruwan tsakar gida yana shiga, ja wur, ɗauke da kashin kaji da karmami. Ya je kusurwa ya tsaya, ya fara dawowa. Ganyen kuɓewa suka yi ta kaɗawa a samansa, can suka nutse. Ta shiga har ƙwauri, ta tura dutsen da hannu biyu, ko motsi bai yi ba.

Mainasara ya shigo a guje daga gona, ya janye ta, ya ɗaga fartanya zai sari kusurwar. Bai kai ga sara ba gindin katangar ya jiƙe ya saki. Katangar ta kwanto ciki gaba ɗayanta, a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa.

Da ruwa ya tsagaita, babu kore ko ɗaya a garkar, sai jan taɓo. Dikko ya zo da buhu a ka, ya tsaya, yau bai yi wasa ba. Mainasara ya yi ta tona da hannu. Abin da ya samo karyayyun kara ne guda uku, saiwarsu a tsinke.

"Inna, akwai sauran irin?"

Ta girgiza kai, tana kallon ƙasa.

"Ramin nan na kwanaki, ke kika yi?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Inna, me ya hana ki gaya mini?"

Turai ta ga ƙafafunsa cikin taɓo, yatsun suna rawa don sanyi. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta juya wajen Dikko.

"Ka ce masa ya shiga ya sake riga."