Madubin Aro

Malam Kalilu ya sauke kwali na ƙarshe daga bayan akori-kura, ya rungume shi a ƙirji har cikin ajin da jiya aka liƙa wa takarda mai cewa ɗakin gwaje-gwaje ne. Madubin likita ne guda biyu a ciki, irin wanda ake duba ƙananan halittu da shi, sai kwalabe da 'yan gilasai. Duk na aro ne daga wata makarantar kuɗi ta cikin garin Jibiya.

Shekararsa goma sha tara yana koyar da ilimin halittu a wannan sakandaren gwamnati ta 'yan mata, bai taɓa samun irin kayan nan a aji ba. Bara yara kaɗan suka ci darasinsa a jarrabawar fita. Shi ya sa ma'aikatar ilimi ta aiko cewa kwamiti zai zo dubawa. In aka tarar babu kayan gwaji, za a janye wa makarantar izinin shirya jarrabawa, sai dai yaran su je Katsina su rubuta.

"Ka san haɗarin hanyar nan ta Katsina," in ji shugabar makaranta, Hajiya Salmatu, tana gyara takardar da ke jikin ƙofa. "Wane uba zai bar ɗiyarsa ta riƙa binta sati uku? Yau ɗaya ce, Malam Kalilu. Mu samu su gani su tafi."

Kwamitin bai iso da wuri ba, sai ya kira 'yan ajin ƙarshe. Su tamanin da 'yan kai ne, kusan rabinsu 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyuka saboda 'yan bindiga. Ya ɓare albasa, ya zare siririn ɓawonta, ya shimfiɗa a kan gilashi. Mu'minat ce ta fara leƙawa, wata doguwar yarinya da iyayenta suka baro ƙauyen Kusa shekara biyu da suka wuce. Ta daɗe a sunkuye.

"Malam, ashe da gaske ne," ta ce ba ta ɗago ba. "Ga 'yan ɗakunan nan jere kamar tubali. Ni na ɗauka a littafi kawai suke."

Ba a kai rabin layi ba motar kwamiti ta shigo. Aka mayar da yara aji.

Shugaban kwamitin, Alhaji Zubair, dattijo ne mai sanyin magana. Ya zagaya ɗakin, ya taɓa kwalabe, ya leƙa madubi ɗaya, ya gyaɗa kai.

"Madalla, Hajiya. Izininku yana nan." Ya buɗe fayil ɗin da ke hannunsa. "Kun ma rage mana aiki. Bana gwamnati za ta raba kayan gwaji ga makarantu uku kacal a yankin nan, sunanku yana ciki. Tunda kuna da naku, gara a kai wa waɗanda ba su da ko kwalba ɗaya."

Ya ja layi da biro a kan sunan makarantar. Malam Kalilu ya ji ƙarar biron a kan takarda.

Daga nan dattijon ya juyo gare shi. "Kai ne malamin darasin? To abin da ban gane ba ke nan. Ga kaya, amma yara na faɗuwa. Makarantun da ba su da komai sun fi ku sakamako. Ina matsalar take?"

Malam Kalilu ya buɗe baki. Ya dubi Hajiya Salmatu, ita kuwa ta kafa wa ƙasa ido, tana murza gefen mayafinta. Magana ɗaya, cewa kayan na aro ne, za ta dawo da sunansu cikin ukun nan. Ita ce kuma za ta tafi da izinin, ga jarrabawa saura wata biyu, kayan gwamnati kuwa ba wanda ya san ranar zuwansu.

"Ranka shi daɗe, daga gare ni ne," ya ce. "Zan ƙara ƙoƙari."

"Ya kamata. Dole in rubuta haka a rahoto, ka yi haƙuri."

Bayan sun tafi, Hajiya Salmatu ta tsaya a bakin ƙofa. "Malam Kalilu, wallahi ban san da maganar rabon nan ba."

"Na sani, Hajiya."

Ta juya, ta wuce ofis.

Ana idar da azahar mai akori-kurar ya dawo ɗaukar kayan. Ummaru sunansa, bai ko kashe mota ba. Malam Kalilu yana naɗe kwalabe da tsohuwar jarida ya hango 'yan mata sun taru a baranda, waɗanda layi bai kai kansu ba da safe. Mu'minat ce kaɗai ta matso.

"Malam, sun ce in tambaya, ko gobe za su duba nasu?"

Ya ajiye jaridar, ya fita wajen direba.

"Ummaru, don Allah ka ba ni awa ɗaya."

"Malam, ina da lodin da ke jirana a Magama, yau zai tsallaka Maraɗi. In na makara wani za a ba. Minti goma dai, saboda kai."

Malam Kalilu ya koma ciki, ya fito da madubai biyun daga kwali, ya dasa su a bakin taga inda haske ya fi. Ya dubi yaran, sun haura arba'in.

"Ku yi layi biyu," ya ce. "Kowa in ta sa ido ta ƙirga ashirin a zuci, sai ta ba ta bayanta wuri."